Zane Bakwai na Baba

Kalma ɗaya ta rage wa Baba bayan ya faɗi: a'a.

In aka kawo masa kunu sai ya ce a'a, sannan ya buɗe baki ya sha. In aka tambaye shi ko yana jin ciwo, a'a. Liman ya zo gaishe shi, ya yi masa doguwar addu'a, muka shafa, shi kuma ya ce a'a. Likitan da ya duba shi ya ce kada mu riƙe kalmar da ma'anarta, ita kaɗai ce ta tsira, duk abin da yake son faɗa da ita zai faɗe shi. Na gyaɗa kai kamar na gane. Amma ko yini ɗaya ban iya aiki da bayanin nan ba. In mahaifinki ya dube ki ya ce a'a, a'a kike ji.

Baba mai zane ne. Lokacin ƙuruciyata, in ka zaga Damagaram ka ga allon wanzami mai kawuna shida, kowanne da irin askinsa, ko allon mai tsire, ko na butiki mai gwangwanin madara da sabulu, da wuya a ce ba hannunsa ba ne. Daga baya masu buga hoto da inji suka zo, aikin ya yi ta ja baya har ya tsaya. Bai yi ƙorafi ba. Ya koma zana abin da ransa ke so a kan ragowar katako, yana kiransu tablo. Da yawa ya bayar kyauta. Bakwai ya riƙe, ya rataye a ɗakinsa na kusa da zaure, a gidanmu na ƙasa da ke cikin Birni, tsohuwar unguwar garin.

Tansiyo, wato hawan jini, ita ce ta kayar da shi, a ƙofar masallaci bayan la'asar, ana tsakiyar damina. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi mako uku a gadon asibiti, da aka sallame shi sai tambayar inda za a kai shi ta taso. Inna ta riga mu gidan gaskiya da jimawa. Yayana direban babbar mota ne, rabin wata yana hanya, matarsa kuma tana fama da ƙananan yara. Lungunmu na Birni mota ba ta shiga, ga shi sau biyu a mako sai an kai Baba wurin motsa jiki. Rufin ɗakinsa ma ya fara yoyo. Maigidana ne ya yanke maganar.

"A kawo shi nan," ya ce. "Ga ɗaki a buɗe, ga ƙofa mota na zuwa har bakinta. Me ake jira?"

Na san abin da ake jira, shi ma ya sani. Shekara goma sha huɗu ina gidan nan, Baba bai taɓa cin loma ɗaya a cikinsa ba. In ya zo, a bakin ƙofa yake tsayawa, ya gaisa, ya shafa kan jikoki, ya juya. Gidan suruki ne. Amma a ranar ba wanda ya tambaye shi, muka ɗauko shi a bayan mota, muka kwantar da shi a ɗakin baƙi.

Ɗakin fari ne fat, bangon siminti, taga ɗaya. Gadon yana jingine da bango guda, yana fuskantar ɗayan. Duk lokacin da na shiga sai in tarar idonsa a kan bangon nan da babu komai a kansa. In na dawo da rana daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, inda na bar idon da safe nan nake samunsa. A mako na biyu na kira Yaya a salula.

"Tablo ɗin Baba suna ina?"

"Na cire su ranar da ruwa ya shigo ɗakin. Suna cikin buhu a ɗakina. Me za ki yi da su?"

"Zan kafa masa a nan."

"Ke dai ba kya rasa aiki," ya ce. Amma washegari ya aiko da buhun a kan babur ɗin kabu-kabu.

Na zazzage su a tsakar gida na jera a kan tabarma. Akwai kukokin Mirriya ranar kasuwa, mata zaune a gindinsu da tasoshin tumatir. Akwai duwatsun bayan Birni da awaki a kansu. Akwai rijiya da layin jarkoki. Akwai raƙumi a durƙushe, da ƙofar wani tsohon gida mai zanen ƙasa a goshinta, da wata mace da ta ba da baya tana ɗauke da ƙwarya, wadda tun muna yara muke cewa Inna ce, shi kuma bai taɓa cewa e ko a'a ba. Na bakwai gonar gyaɗa ce ta Gaffati, inda aka haife shi. Ita ce ruwa ya taɓa. Wani tabo ruwan ƙasa ya gangaro daga sama ya ratsa sararin samaniyarta.

Na goge su da tsumma, na sayo ƙusa, na ari guduma. Ban taɓa kafa ƙusa a siminti ba. A gidanmu na Birni da tafin hannu ma kana iya tura ƙusa ta shige bango. A nan kuwa ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin gado, ta uku ta ɓantaro siminti kamar faɗin tafin yaro. Kowane bugu sai na ga Baba ya runtse ido. Na ajiye gudumar.

Maigidana ya samo injin huda bango wurin maƙwabcinmu mai gyaran wuta. Ranar Asabar muka ɗauki Baba da katifarsa muka fitar da shi baranda saboda ƙarar, ya huda rami bakwai a jere, tsayinsu ɗaya, ya auna da igiya. Na rataye su yadda na ga ya dace: manya a tsakiya, ƙanana a gefe. Na share garin siminti, na kunna turaren wuta, muka mayar da Baba. Na tsaya a bakin ƙofa zuciyata na bugawa kamar ranar da na fara tsayawa gaban aji.

Ya dube su. Idonsa ya tsaya a kansu ya daɗe. Leɓensa na hagu ya motsa.

"A'a," ya ce.

"Baba, tablo ɗinka ne. Na kawo maka."

"A'a. A'a."

Ya ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, ya nuna bangon, ya karkaɗa yatsa, hannun ya faɗi.

"Ya ji daɗi," in ji maigidana. "Ba ki ga idonsa ba?"

Na ga idonsa. Ni abin da na gani daban ne. Na ga mutumin da aka taɓa masa kaya aka jera ba daidai ba. Na yi ƙoƙarin tuna yadda suke a ɗakinsa. Sau nawa na shiga ɗakin nan in kai masa abinci, in zauna mu yi hira? Ba zai ƙirgu ba. Amma da na rufe ido, warin fenti nake ji, ina ganin buzunsa da butarsa da rediyonsa, bangon kuwa ya ƙi fitowa. Na san raƙumin yana wani wuri sama. Ko kuwa ƙofar gidan ce a sama?

Na fara sauya su. Kullum in na dawo daga lakwal, kafin in cire mayafi, sai in shiga in musanya biyu. In mayar da rijiya tsakiya, in dube shi. A'a. In kai Inna kusa da taga. A'a. Wani a'a ɗin gajere ne, wani mai ja, wani da ƙarfi har da tari. Na ɗauko littafin rubutu irin na ɗalibaina, ina zana jerin kowace rana, a ƙasa in rubuta irin a'a ɗin da ya biyo baya. Bayan kwana goma na duba littafin, ban ga komai a ciki ba. Jeri ɗaya ya samu gajere ran Litinin, ya samu mai ƙarfi ran Alhamis.

Sai na yi tunanin zuwa Birni. Inda aka daɗe da rataye abu a bangon ƙasa yakan bar alama, ga kuma ramukan ƙusa. Na tafi ran Lahadi da igiyar awo a jaka. Matar Yaya ta buɗe mini ɗakin. Na tsaya a tsakiya ina dube-dube. An yi sabon yaɓe. Bango uku sumul, har da shatin yatsun magini.

"Yayanki ne ya sa aka yi, kada ɗakin ya zube," ta ce. "Wani abu ne?"

"Ba komai. An kyauta."

Bango na huɗu ba a taɓa shi ba, amma abin da na gani a kansa ya ƙara rikita ni. Ramukan ƙusa sun fi talatin, sama da ƙasa, wasu kusa da juna kamar an watsa gero. Na ɗauka na tsofaffin zanen da ya bayar ne. Na mayar da igiyata jaka.

Da zan fita daga lungu na ratsa ta shagon aminin Baba, wani tsohon tela da muke kira Baffa. Shekara da shekaru kullum da yamma a ɗakin Baba yake shan shayi. In akwai wanda ya san bangon nan, shi ne. Na same shi a kan kekensa, tabarau a kan hanci. Muka gaisa, ya tambayi mai jiki, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Rijiyar tana kusa da ƙofa," ya ce nan take. Sai ya dakata. "A'a, tsaya. Da azumi ne take kusa da ƙofa. Bayan salla ya mayar da ita saman gado."

"To kafin ya faɗi fa, Baffa? A ina take?"

Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ɗiyata, ai babanki bai taɓa barinsu wuri ɗaya ba. Kusan kowace Juma'a in ya dawo masallaci sai ya sauke su duka, ya jingina da bango, ya zauna yana kallonsu, sannan ya sake kafawa. Ni har faɗa nake masa, in ce za ka cinye bangon da ƙusa. Ya ce in abu ya daɗe wuri ɗaya ido ya daina ganinsa. Ba ki sani ba?"

Ban sani ba. Ina shiga ɗakin nan duk mako, ban taɓa lura ba.

"To ta yaya yake zaɓa?"

"Wa ya sani? Wata rana ya ce yau Gaffati yake ji. Wata rana ya juya ɗaya ya fuskanci bango, ya yi mako haka. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba."

A kan kabu-kabu ina komawa gida na yi kuka, mai babur ɗin ya yi kamar bai ji ba. Da can ina ganin akwai jeri guda na gaskiya, ni ce na manta shi, in na dage zan samo. Yanzu babu shi. Abin da ke akwai yana cikin kan Baba, kuma kowane mako sabo ne.

Juma'ar da ta biyo na yi yadda Baffa ya ce. Na sauke su duka, na jingina a ƙasan bango, na ɗaga Baba na sa masa matashi a baya. Na ɗauki ɗaya ɗaya ina nuna masa.

"Wannan a tsakiya, Baba? In e ne ka matse hannuna."

Na sa hannuna cikin nasa na hagu. Ya matse. Na yi murna, na tashi na rataye kukoki a tsakiya. Na ɗauko raƙumi.

"Wannan fa? Shi ma a tsakiya?"

Ya matse. Na ɗauko rijiya, ya matse. Na tambaye shi ko yau Talata ce, ya matse. Hannuna kawai yake riƙewa.

Yaya ya dawo daga tafiya ya zo duba shi. Lokacin ramukan bangon sun kai goma sha biyar, don na sa maigidana ya ƙara wasu sama da ƙasa, shi kuma bai taɓa cewa ya gaji ba. Yaya ya dubi bangon, ya ja ni baranda.

"Ke, wahalar da shi kike yi. Mutum yana kwance kina ta yi masa kiriniya a ka."

"Yana son wani abu, Yaya. Kullum yana nuna bangon."

"Yana nuna bango, ko yana nuna abin da ke bayan bango? Wace hanya ce ta nan?"

Bayan bangon nan yamma ce, hanyar cikin gari, hanyar Birni.

"Gida yake so," in ji Yaya. "Kin sani, na sani. Kuma ba mu da yadda za mu yi. Wa zai ɗaga shi can? Wa zai juya shi? Ki bar tablo su huta."

Wataƙila gaskiyarsa. Amma mayar da Baba Birni ba ya hannuna, ƙusa da katako kuwa suna hannuna. Na ci gaba.

Matar da ke yi masa motsa jiki, wadda ake kira kine, ta fara zuwa gida saboda hawa mota yana gajiyar da shi. Wata rana tana lanƙwasa masa ƙafa ta ga ina sauya zane, ta tambaye ni abin da nake yi. Na ba ta labari a taƙaice. Ta saki ƙafar, ta ciro makullin babur ɗinta, ta tsaya a kansa. Ta kawo makullin ta gefen hagunsa, idonsa ya bi. Ta kawo ta dama, tana kaɗawa har kusa da kuncinsa. Ko ƙiftawa bai yi ba.

"Madam, ba a gaya muku ba? Irin wannan faɗuwar takan tafi da rabin gani. Idon lafiya lau, amma duk abin da ke damansa ba ya nan a wurinsa."

Na dubi bangon. Daga inda yake kwance, uku daga cikin bakwai suna dama. Wata biyu ina kai Inna can, ina kai Gaffati can, ina tambayarsa ko ya yi. Sannan na dubi kujerata. Ita ma a dama take. Tun ranar farko a nan na ajiye ta, don in riƙa riƙe hannun da ya shanye ina murza masa. Duk hirar da na yi masa, duk kunun da na ba shi, murya yake ji da cokali da ke fitowa daga inda babu kowa.

A ranar na mayar da kujerar hagu. Da na zauna ya juyo da ido ya dube ni sosai, tun daga goshi har haɓa, kamar wanda ya daɗe bai gan ni ba. Ya ce a'a a hankali. Wannan karon ban tambayi kaina me yake nufi ba, na kifa kaina a gefen katifa.

Muka sake huda bango. Duka bakwai suka koma hagu, a cunkushe, ƙasa-ƙasa daidai idon mai kwance. Kowa ya shigo sai ya ga kamar bangon ya karkace. Na sa rai wannan karon. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, na ga idon yana tafiya yana tsayawa, abin da ban gani ba a da. Da ya zo kan gonar gyaɗa sai ya tsaya. Ya ɗaga hannu.

"A'a. A'a. A'a."

Na sauke ta na kawo masa. Ya kama gefenta da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya jawo ta kan ƙirjinsa. Ya sa babban yatsa a kan tabon ruwan nan, yana gogawa, yana gogawa. Ya dube ni, ya sake gogawa.

Na ce a raina, na gane. A karon farko na gane. Tabon ne. Gyara yake so ya yi.

Washegari na aika aka kawo mini akwatin kayan aikinsa daga Birni. Yawancin gwangwanayen sun bushe, amma shuɗi da fari suna da rai. Na haɗa su a murfin gwangwani yadda na sha gani yana yi, har na samu abin da ya yi kama da samaniyar zanen. Maigidana ya tallafe shi ta baya, na jingina katakon a kan matashi a cinyarsa, na tsoma buroshi na sa masa a hannun hagu.

"Anya, Madam?" in ji maigidana a hankali. "Da dama yake zane fa."

"Ɗan tabo ne. Zai iya."

Baba ya dubi buroshin. Ya juya shi a yatsunsa, ya gyara riƙo, kuma wallahi riƙon na mai sana'a ne. Ya kai shi kusa da katakon. Ya tsaya, ya ja numfashi, ya sake kaiwa. Bakin buroshin ya taɓa saman tabon daidai, sai hannun ya kufce. Shuɗin layi mai kauri ya tsaga gonar tun daga sama har ƙasa, ya bi ta kan kunyoyin gyaɗa, ya shafe wani ɗan mutum da ke sunkuye da hauya.

Buroshin ya faɗi kan zanin gado. Baba ya dubi abin da ya yi. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka fita da Inna. Ranar na gani, ta ido ɗaya suka fara zuba, bakinsa a buɗe, babu ko a'a.

"Zan goge, Baba. Yanzu zan goge. Bai bushe ba."

Na fita da gudu da katakon, na jiƙa tsumma da kananzir na hau gogawa. Sabon fentin ya fita. Na ƙarƙashinsa ma ya biyo shi. Kafin in ankara, tsakiyar gonar ta zama wani dusu-dusun kore da shuɗi, mutumin mai hauya babu shi, sai farin katako yana leƙowa. Na zauna a ƙasa a tsakar gida da tsumman a hannu. Maigidana ya fito ya tsaya a kaina, ya karɓi tsumman, bai ce ai na gaya miki ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ban san ko in mayar da ita bango ko in ɓoye ba. In ya ga babu ita zai nema, in ya gan ta haka zai tuna. Na yi kwana biyu tana bayan ƙofar ɗakina. A na uku na tuna maganar Baffa, na rataye ta a wurinta, fuskarta na kallon bango. Baba ya dubi bayan katakon ya daɗe. Bai ce komai ba. Daga ranar ban sake taɓa ko ɗaya ba, shi ma bai sake nuna bangon ba. Har yau ban sani ba ko ya haƙura ne, ko ya yi fushi, ko kuwa ƙarfin ɗaga hannun ne ya ƙare.

Bayan haka da yamma maigidana yakan ɗauke shi ya fitar da shi ƙarƙashin bishiyar dalbejiya ta tsakar gida. Can yakan kwanta yana kallon kaji, ni ina hagunsa ina gyaran takardun ɗalibai. Baffa yakan zo wata Juma'ar, ya dafa shayi, ya ɗiga masa a baki da cokali, ya yi ta ba shi labarin mutanen lungu, wa ya aurar, wa ya tafi Makka. Abincinsa ya yi ta raguwa. Bayan girbi da ɗan lokaci, wata safiya ina shirin fita, na shiga in yi masa sallama na tarar numfashinsa ya sauya. Kafin Yaya ya iso ya cika. A Birni aka yi masa sutura, daga ɗakinsa aka fita da shi.

Ɗakin baƙi ya yi wata biyar a rufe. Na ce wa Yaya ya zo ya zaɓi waɗanda yake so, ya ce in riƙe, shi ba shi da inda zai sa. Sai ƙanwar maigidana ta samu gurbin karatu a nan Damagaram, aka ce za ta zauna wurinmu. Ta iso da akwatinta da katifarta, yarinya mai fara'a. Washegari da safe ina ɗaura mayafi ta leƙo.

"Anti, hotunan nan na bango, in bar su ko in sauke? Ina son in kafa madubi."

"Ki sauke."

"Akwai ɗaya da aka juya baya. In duba?"

"Ki duba in kina so."

Na tsaya a baranda ina jin tana cire su, katako yana bugun katako. Ta fito da su rungume a ƙirji, ta tsaya a gabana.

"A ina zan ajiye?"

Na duba salo, wato falonmu, na duba ɗakina, na duba ɗakin yara. Mai kabu-kabu yana ta yi mini oda a waje, an kusa buga ƙararrawar lakwal.

"Ki ɗan riƙe su a wurinki," na ce. "In na dawo ma gani."